“Ku Tuba”: Doguwar Tafiyar Kalma Ɗaya

 A shirinmu na yau za mu ɗauki kalma ɗaya tak mu bi sawunta, kalmar da kowane fasto ya faɗa, kowane mai bishara ya ɗaga murya a kanta a kasuwa, wato “tuba”. Yawancinmu ba mu sha Hausa a nono ba. Wani Berom ne, wani Ngas, wani Bajju, wani Bachama ko Tangale ko Margi. Mun tsinci Hausa a kasuwa da makaranta da majami'a, a cikinta kuma muka fara jin Maganar Allah. Saboda haka wannan kalma ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso kunnenmu, kayan da ya bi hannuwa da yawa kuwa ya kamata a kwance shi a duba ko komai yana nan.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci. Inda Littafinmu na Hausa ya ce a tuba, kalmar da ke ƙarƙashi yawanci ita ce metanoeo. Ta fito sau 34 a Sabon Alkawari, 'yar'uwarta metanoia, wadda ita ce sunan aikin, ta fito sau 22. An haɗa ta daga abu biyu: meta, wanda ke nuna “bayan” ko kuwa sākewa, da noeo, wanda ya fito daga nous, wato hankali. Idan aka haɗa, sai a sami wani abu kamar sāke hankali, ko tunanin da ya zo daga baya ya ture na farko. Amma farfasa kalma ba ya isa a san ta. Sai an ga yadda masu harshen suka yi aiki da ita, don haka bari mu koma Atina, shekaru fiye da 400 kafin a haifi Almasihu.

A shekara ta 427 kafin haihuwar Almasihu, Atinawa suna cikin yaƙi da mutanen Sparta. Wani birni mai suna Mitilini, a tsibirin Lesbos, ya yi musu tawaye, suka kewaye shi har ya miƙa wuya. (Masu karatun Ayyukan Manzanni za su tuna jirgin Bulus ya tsaya a wannan Mitilini, a sura 20.) Taron jama'ar Atina ya zauna cikin fushi ya yanke hukunci: a kashe dukan mazan birnin, a mai da mata da yara bayi. A ranar aka tura jirgin ruwa da umarnin zuwa wurin sarkin yaƙinsu. Tusididis, wanda ya rubuta tarihin wannan yaƙi, ya ce da gari ya waye sai metanoia ta kama mutanen Atina. Kalmar ke nan, a bakin mutumin da bai san Musa ko annabawa ba. Sun kwana sun ga abin da suka yi mugunta ne, a hallaka birni dungum saboda laifin waɗansu.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Ba su zauna suna tagumi ba. Suka sāke kiran taro, aka yi gardama mai zafi, aka ɗaga hannu, sabon ra'ayi ya yi rinjaye da ƙyar. Nan take suka tura jirgi na biyu ya bi na farko, wanda ya riga shi da wajen yini da kwana. Matuƙan jirgi na biyu ba su tsaya cin abinci ba, suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka dama da ruwan inabi da mai, waɗansu na barci waɗansu na jan filafili. Jirgin farko kuwa ba ya sauri, gama ba wanda ke ɗokin kai irin wannan saƙo. Suka iso daidai lokacin da sarkin yaƙi ya gama karanta takardar farko, yana shirin zartarwa. An kashe waɗanda aka ɗora wa laifin tawayen, su kimanin dubu bisa ga labarin, amma sauran birnin ya tsira. A wurin Helenawa na wancan zamani kalmar ba ta addini ba ce, sāke shawara ce kawai. Duk da haka muna so ku riƙe hoton jirgin nan na biyu, za mu bukace shi.

Daga ƙarni na uku kafin Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Tsohon Alkawari daga Ibrananci zuwa Helenanci, domin 'ya'yansu sun daina jin harshen kakanninsu, abin da mu ma muka sani a gidajenmu. Annabawa suna da kalmomi biyu. Ɗaya ita ce shub, wato juyowa, komowa, kamar matafiyin da ya gane ya ɓata hanya ya juya da ƙafafunsa. Ɗayar ita ce naham, wato jin zafi a rai har mutum ya fasa abin da ya yi niyya. Abin mamaki, masu fassarar Iskandariya sun fi ba naham kalmar metanoeo, sau da dama kuma Allah ne kansa ake magana a kai: a Yunana sura 3, sa'ad da ya fasa hallaka Nineba, da Amos sura 7, da Irmiya sura 18. Allah ba shi da zunubin da zai bari, amma yakan janye hukunci. Shub kuwa suka ba ta wata kalma dabam, epistrefo, wato juyawa. Kafin zamanin Yohanna Mai Baftisma kalmomin biyu sun matso kusa da juna a bakin Yahudawa masu jin Helenanci, har metanoeo ta ɗauki nauyin kiran annabawa na komowa wurin Allah. Shi ya sa Bitrus a Ayyukan Manzanni 3:19, da Bulus a 26:20, suka jera su biyu a numfashi ɗaya: hankali ya sāke, ƙafa ta juya.

Da ita Yohanna ya buɗe wa'azinsa a jeji, da ita Yesu ya buɗe nasa a Galili (Matta 3:2 da 4:17, Markus 1:15). Da taro suka tambayi Yohanna abin da za su yi, a Luka sura 3, bai aike su kuka ba. Mai riga biyu ya raba da marar riga, mai karɓar haraji ya tsaya kan abin da aka ƙayyade, soja ya bar ƙwace ya dangana da albashinsa. Akwai wata kalma kuma, metamelomai, wadda ta fito sau 6 kawai, ita ce ta fi kusa da abin da Bahaushe ke kira da-na-sani. Ita Matta ya zaɓa domin Yahuza Iskariyoti a 27:3, sa'ad da ya mai da azurfa talatin ya je ya rataye kansa. Kada mu ja layin da ƙarfi ya wuce kima, gama ita ce kuma aka yi amfani da ita domin ɗan nan na Matta 21 wanda ya ƙi zuwa gona da baki, daga baya ya tafi. Amma Bulus a 2 Korintiyawa sura 7 ya bambanta baƙin ciki da tuba sarai. Baƙin ciki yana iya kai mutum ga tuba, yana kuma iya kai shi kabari.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: littafin da ya fi kowane yawan wannan kalma shi ne Ru'ya ta Yohanna, sau 12, takwas daga ciki kuwa suna cikin wasiƙu zuwa ga ikkilisiyoyi ne. Biyar cikin bakwai aka kira su tuba, ban da Simirna da Filadalfiya. Waɗannan mutane ne da aka riga aka yi wa baftisma, suna da dattawa, suna taruwa ranar Ubangiji.

To, bishara ta yi yamma, ta shiga ƙasashen da ake jin Latin, Italiya da Afirka ta Arewa. Masu fassara na farko suka rubuta paenitentiam agite. A Latin na lokacin ma'anarta ita ce a yi nadama, ba wani abu ba. Amma kalma biyu ce, ta biyun kuma tana nufin “ku aikata”, ta farkon kuwa a kunnen mutane tana kama da poena, wato hukunci. Waɗanda suka fara jin cewa rigar ta matse wa kalmar 'yan Afirka ne. Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 207 ya nuna cewa an gina kalmar Helenanci a kan sākewar hankali ne. Bayan shekara ɗari, Laktantiyus, shi ma ɗan Afirka ta Arewa, ya ce ta Helenawa ta fi kyau, ya kawo wata kalmar Latin mai nufin dawowa cikin hankali. Ba a bi shawararsa ba. A shekara ta 382 Paparoma Damasus ya sa Jerom ya gyara fassarar Latin. Jerom masani ne ƙwarai, ya san Helenanci da Ibrananci, amma ya bar waɗannan kalmomi biyu yadda jama'a suka saba ji. Littafinsa ya zama Littafi Mai Tsarki na Turai ta yamma har shekara dubu da ɗoriya.

Jerom bai yi ƙarya ba. Ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashin kalmar, ga kuma yadda ta motsa. Ikkilisiyar farko ta yi fama da wata tambaya mai wuya: mutumin da aka yi wa baftisma, ya faɗi cikin babban zunubi, me za a yi da shi? A ƙarni na biyu wani littafi da aka rubuta a Roma, Makiyayi na Harmas, ya ce akwai dama ɗaya bayan baftisma, ba ta biyu. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka miƙa, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo bakin ƙofar majami'a suna kuka, a cikin majami'ar kuwa ga gwauraye da marayun waɗanda suka ƙi miƙawa aka kashe su. Ikkilisiyoyinmu da suka sha wutar tashin hankali a shekarun nan sun san nauyin wannan zama, ba sai an bayyana musu ba. Bishop Sipriyan na Kartaj ya tara 'yan'uwansa a 251, suka ƙi masu cewa a rufe ƙofa har abada, suka kuma ƙi masu cewa a buɗe ta ba tambaya. Aka sa horo mai tsawo. A babban taron Nikiya na 325 aka rubuta wa waɗanda suka yi musun bangaskiya ba tare da an matsa musu ba shekara 12: uku suna sauraro daga baya, bakwai suna durƙusawa, biyu suna addu'a tare da jama'a ba su taɓa jibin Ubangiji ba.

Mu da muka san bencin baya ba za mu yi wa waɗannan kakanni dariya ba. Nufinsu shi ne a ga 'ya'yan tuba da ido, kada sunan Almasihu ya zama abin wasa. Amma da zarar an sa wa abu adadin shekaru, sai ido ya koma kan lissafi. Daga ƙarni na shida 'yan zuhudu na ƙasar Ailan suka fara rubuta littattafan awon horo: zunubi kaza, azumin kwana kaza da gurasa da ruwa, zunubi kaza, shekara kaza. Wanda ba zai iya dogon azumi ba aka yarda ya musanya shi da karatun Zabura ko sadaka. A 1215 babban taro a Roma ya wajabta wa kowane baligi ya furta zunubansa a gaban firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Daga musanya aka kai ga takardun rangwamen horo, daga nan kuɗi ya shigo. Manomin Jamus na shekara ta 1500, idan ya ji an karanta paenitentiam agite, abin da yake ji shi ne: je ka yi aikin horon da aka yanka maka. Kalmar da ta tura jirgi na biyu ta zama kamar tarar alƙali.

Gyaran ya fara daga masu nahawu. Lorenzo Valla, mutumin Italiya, a shekarun 1440 ya gwada Latin da Helenanci aya aya ya rubuta inda suka saɓa. Rubutun ya kwanta har Erasmus, mutumin Holan, ya tsince shi a ɗakin littattafan wani gidan 'yan zuhudu kusa da Luven a 1504, ya buga shi a 1505. A 1516, a birnin Basel, Erasmus ya fito da Sabon Alkawari na Helenanci a bugun inji, da Latin a gefe, da bayanai. A kan wannan kalma ya nuna ba ta nufin aikin horo, ya kuma kawo shawarar resipiscite, wato ku dawo cikin hankalinku, dangin kalmar da Laktantiyus ya kawo shekara 1,200 da suka wuce. Wanda ya tuna ɗan nan na Luka 15, wanda hankalinsa ya komo a tsakiyar aladu kafin ƙafarsa ta kama hanyar gida, zai gane abin da Erasmus ya hanga.

Shekara guda bayan haka, wani mai wa'azi mai suna Tetzel yana sayar da takardun rangwame kusa da Wittenberg, ana cewa kuɗin na ginin majami'ar Bitrus a Roma ne. Mutanen garin suna ƙetare iyaka su sayo. A ranar 31 ga Oktoba 1517 Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 na muhawara. Na farkonsu a kan kalmarmu yake: cewa sa'ad da Ubangiji ya yi wannan kira, nufinsa dukan rayuwar mai bi ta zama tuba. Na biyu ya ce ba za a iya ɗaukar kalmar a matsayin horon da firist ke yankawa ba. A watan Mayu 1518 ya rubuta wa ubansa na ruhaniya, Staupitz, ya gaya masa cewa dā ba kalmar da ta fi masa ɗaci a dukan Littafi kamar wannan, amma da ya gano ma'anarta ta Helenanci sai ta zama mafi zaƙi. Mu da ke cikin ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan gyara, ko mun sani ko ba mu sani ba, a kan fassarar kalma ɗaya gardamar gidanmu ta soma. Abin dariya kaɗan: da Luther ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, shi ma a ƙarshe kalma biyu ya sa, tut Busse, “ku aikata” tana nan, Busse kuwa har tara tana nufi a harshensu. Harshe ba ya ba mai fassara duk abin da yake so.

A Ingila abin ya kai ga jini. William Tindal ya buga Sabon Alkawari na Turanci a 1526, a birnin Worms na Jamus, aka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye cikin kayan fatake. Ya sa repent a inda aka saba jin do penance. Thomas More ya rubuta littafi a 1529 yana zarginsa da ɓata Nassi da gangan, wannan kalma tana cikin 'yan kalmomin da aka yi ta jayayya a kansu. A watan Oktoba 1536 aka shaƙe Tindal aka ƙone gawarsa a Vilvoorde, kusa da Brussels. Fassarar Katolika ta Turanci ta 1582 ta riƙe tsohuwar hanya. Amma gaskiya ta wajaba a kanmu game da maƙwabtanmu: babban taron Trent a 1551 ya sa nadamar zuciya a gaba cikin koyarwarsa a kan tuba, fassarorin Katolika na zamaninmu kuma suna juya kalmar daga Helenanci kai tsaye, kamar na kowa. A kan ma'anar metanoeo masanan ɓangarorin biyu ba sa faɗa yau.

Yanzu mu dawo gida. James Schön, Bajamushe mai aiki da mishan na CMS, ya fitar da Matta da Hausa a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ɗauki babban kasonsa, sabuwar fassara kuma ta biyo wajen 1980. Masu fassarar ba su ƙirƙiro kalma ba, sun tarar da “tuba” a bakin Hausawa, wadda ta shigo daga Larabci tun zuwan Musulunci. Fulani suna da ita, masu jin Swahili ma haka. Tushenta a Larabci komowa ne. Ga abin da ya faranta mana rai sa'ad da muka bi sawun: wannan tushe shi ne wanda Aramiyanci, harshen da Yesu ya yi magana da shi a gida, yake da shi a madadin shub ta annabawa, masana harshe da yawa kuma suna ganin daga can Larabci ya karɓe shi. A Littafi Mai Tsarki na Suriyanci, wanda reshen Aramiyanci ne, kiran Yohanna a Matta 3:2 yana farawa da tubu. Ku faɗe ta da ƙarfi ku ji. Kalmar da kakarmu ta koya a ajin baftisma a kan dutsen Filato ko a bakin Binuwai ta fi kusa da bakin mutanen Galili fiye da Latin na Jerom da Turancin Tindal. Ta zaga ta hamada ta same mu.

Saboda haka ba mu da ƙara a kan masu fassara. Amma abin da ya sami Latin yana iya samun Hausa, mun kuwa ga alamarsa. Yaro a ƙarƙashin bulala yana ihu, na tuba, na bi Allah na bi ka. Abin da yake nufi shi ne a daina dukansa. Da yawa cikinmu a nan muka fara jin kalmar, tun kafin mu ji ta a majami'a, har yanzu kuma tana da ƙamshin bulala a kunnenmu: abin da mai rauni ke faɗa wa mai ƙarfi don ya sami sauƙi. Bahaushe da kansa ya san irin wannan, shi ya sa yake maganar tuban muzuru, wanda ke tuba da kaza a bakinsa.

Sai kuma ɗaya amfanin, wanda ya fi zama namu. Mukan ce wane ya tuba a shekara kaza, muna nufin ya bar tsafin gidansu ya shiga ikkilisiya, ya karɓi sabon suna. Muna da “sababbin tuba” da “tubabbu”. Wannan gaskiya ne, kakanninmu sun biya tsada dominsa, an kori waɗansu daga gida, an hana waɗansu gādo da mata. Amma idan tuba ta zama ƙofar da aka wuce sau ɗaya, jikan tubabbe wanda aka haifa cikin ikkilisiya zai ɗauka kiran na waɗansu ne, na arna da mashaya. Wasiƙun Ru'ya ta Yohanna ba su bar mana wannan mafaka ba. Afisa tana da aiki da haƙuri da koyarwa daidai, aka ce ta tuba.

Batun horo kuma, muna faɗa da girmamawa ga dattawanmu, gama mu ma mun zauna a irin wannan zama. Mun ga an sa yarinya a bencin baya wata shida saboda cikin da ya fito fili, wanda ya yi mata shi yana gaba yana karɓar baiko, domin nasa ba ya nunawa. Mun ga wanda ya cika watanninsa daidai, aka karanta sunansa aka tafa, gonar marayun ɗan'uwansa kuwa tana hannunsa har yau. Ya yi paenitentiam agite irin ta manomin Jamus, jirgi na biyu bai tashi ba. Ba muna cewa a kawar da horo ba, Bulus ya yi shi a Korinti, ya kuma ce a karɓi mutumin da sauri kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Amma a ajiye shekara 12 ta Nikiya kusa da Luka 17:3-4, inda ɗan'uwa ya yi laifi sau bakwai a yini ɗaya, ya juyo sau bakwai da wannan kalma a bakinsa, aka ce a gafarta masa. A wannan aya ma kalmomin nan biyu suna tare, juyowa da sāke hankali. Zakka a Luka 19 ba a rubuta ya furta kalmar ba ko sau ɗaya. Ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, Yesu kuwa ya ce ceto ya shigo gidan a ranar.

A yau ana juya Sabon Alkawari zuwa harsunanmu ɗaya bayan ɗaya, waɗansunku ma kuna cikin kwamitocin da ke duba aikin. Za ku iso Matta 3:2, za ku tsaya inda Jerom da Luther da Miller suka tsaya. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki “tuba” a dasa ta yadda take, tun da kowa ya saba. Kafin ku yi haka ku dubi abin da maƙwabta suka yi. Yarbawa suna cewa ronupiwada, wato yi tunani ka sāke hali. Ibo suna cewa chegharia, tunani ya juya. Tibi suna cewa gema ishima, juya zuciya. Kowannensu ya shiga rumbun harshensa ya fito da abin da ya kama hankali da ƙafa tare.

Ga aikin da muke ba kowane gida kafin shiri na gaba. Bayan addu'ar yamma ku karanta Luka sura 3 daga aya 7 zuwa 14 da Hausa. Sa'an nan ku tambayi tsoho ko tsohuwar gidan, da harshenku, me ake cewa idan mutum ya kama hanyar wani gari, ya yi nisa, ya gane ba ita ba ce, ya juyo. Ku tambaya kuma me ake cewa idan dattawan gari sun yanke magana da dare, da safe suka aika a tsai da ita. Ku rubuta kalmomin da suka ba ku, ku kai wa fastonku ko masu fassara na yankinku. Sai mun sāke saduwa, Ubangiji ya kiyaye ku.